Sharar Wani, Jarin Wani: Yadda Kamfanoni Ke Auna Haɗari Kafin Su Haɗa Hannu

Babu masana'antar da ke fitar da abin da aka gina ta dominsa kaɗai. Injin casar shinkafa yana fitar da shinkafa, yana kuma tara buntu da dusa. Kamfanin sukari yana barin tuƙar rake da baƙin ruwan zaƙi mai kauri. Tashar wutar lantarki mai ƙona kwal tana fitar da toka da tururi da ruwan zafi. Sau da yawa abin da wannan masana'anta ta rasa inda za ta kai, shi wata take kashe kuɗi tana nema, ko don hura wuta, ko don abincin dabbobi, ko don haɗa siminti. Idan kamfanoni suka shirya cewa abin da ya yi saura a wajen wannan ya zama kayan aikin wancan, ko suka haɗa kuɗi suka gina abu guda da kowa zai mora, kamar wurin tace gurɓataccen ruwa, to sun shiga abin da masana ke kira cuɗanyar masana'antu.

Misalin da aka fi ambata yana garin Kalundborg na ƙasar Denmak. A 1961 aka ja bututu daga tafkin Tissø don kai wa sabuwar matatar mai ruwa. A 1972 kamfanin Gyproc, mai yin allon rufi da na bango, ya fara karɓar iskar gas da matatar take ƙonawa a banza. Bayan shekara goma tashar wuta ta Asnæs ta fara sayar wa matatar da kamfanin magunguna na Novo Nordisk tururi, daga baya kuma ta riƙa ba Gyproc jifsam, farin ma'adinin da take samu wajen wanke hayaƙinta. Ba wanda ya zauna ya zana wannan tsari tun farko. Yarjejeniyoyi ne ɗai-ɗai da manajojin da suka san juna a ƙaramin gari suka yi ta ƙullawa, kowacce don tana da riba.

Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasashe masu tasowa. A tsohon birnin Kano, laso, wato simintin gargajiya da ake shafe soro da ramin karofi da shi, daga sharar sana'o'i biyu ake haɗa shi. Marina sukan kwashe katsi, lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, a shanya shi, a ƙona, a daka. Majema sukan tara gashin jima da suka kankare daga fatun awaki. Magina su haɗa waɗannan biyu da yauƙin dafara, sai a sami abin da ruwan damina ba ya ratsawa. Haka nan mai tatsar man gyaɗa ba ta zubar da tunkuza, manomi kuma yakan bar wa makiyayi kara da harawa don shanu su zuba masa taki a gona. A masana'antun zamani ma haka abin yake. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan unguwar masana'antu ta Nanjangud a kudancin Indiya ya duba kamfanoni 42 da ke fitar da saura kusan tan 900,000 a shekara, ya samu cewa kashi 99.5 cikin ɗari na wannan saura ana sake amfani da shi. Sai dai wajen kashi 81 cikin ɗari kamfanonin da suka fitar da shi ne ke mai da shi cikin aikinsu, mafi yawa kamfanin sukari guda ɗaya. Wannan adadi na biyu shi ne ke nuna inda matsalar take. Kamfani yana saurin amfani da shararsa a cikin gida. Abin da yake jinkiri a kansa shi ne ɗaure aikinsa da na wani.

Lissafin farko da ɗan kasuwa ke yi mai sauƙi ne: nawa zan rage na kashewa, nawa zan zuba, yaushe kuɗina zai dawo. A Turai zubar da shara yana da tsada saboda harajin juji da tsananin doka, don haka duk wanda zai ɗauke wa kamfani shara ya rage masa nauyi. A yawancin ƙasashe masu tasowa kuwa, zubarwa a kwari ko cinna wa tsibin shara wuta a bayan katanga ba ya cin kamfani komai, don haka wannan riba ba ta shiga lissafi. Ga kuma tsadar bashi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. A ɗauka mai masana'anta ya ci bashin naira miliyan 100 a kan ruwa kashi 30 don sayen tukunyar tururi mai ƙona buntu, wadda za ta rage masa miliyan 20 a shekara na kuɗin mai. A ƙasar da bashi ke da araha wannan ciniki ne mai kyau, domin cikin shekara biyar jari ya dawo. A nan kuwa abin da ya rage bai ko biya ruwan bashin ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa kallon duk shirin da ba zai mai da kuɗinsa cikin shekara biyu ko uku ba, komai kyawunsa a takarda.

Sufuri yana yanke sauran. Buntu ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafa shanshera, amma ba shi da nauyi ko kaɗan idan aka kwatanta da wurin da yake ci. Akan cika tirela har sama a ɗaure da tamfol, alhali ba ta ɗauki rabin nauyin da za ta iya ba, kuma kuɗin man mota bai ragu ba. Duk wanda ya bi ta bayan injinan casa a lokacin kaka ya san tsibin buntu mai launin ƙasa, wani gefensa yana ci da wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙi yana shiga gidajen maƙwabta. Makamashi ne ke ƙonewa, amma mai buƙatarsa yana nesa. Yawancin irin wannan musaya tana rayuwa ne cikin 'yan kilomitoci. Tururi ma ya fi tsanani, domin yana hucewa a cikin bututu.

Idan lissafin kuɗi ya yi daidai, sai a zo kan tambayar da ta fi hana manaja barci: shin kayan za su riƙa zuwa? Akwai bambanci na asali tsakanin kayan da ake sarrafawa don sayarwa da kayan da ke fitowa a matsayin saura. Idan masu sayen siminti suka ƙaru, kamfanin siminti zai ƙara aiki. Amma babu injin casa da zai ƙara casar shinkafa don wani yana son buntu. Yawan saura yana bin kasuwar babban kayan ne, kasuwar da mai sayen saura ba shi da hannu a cikinta. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, injinan casa sun yi ta aiki, buntu ya wadata. Duk shekarar da shanshera ta yi tsada ko shinkafar waje ta cika kasuwa, injinan sukan rage aiki, wanda ya dogara da buntunsu kuma ya shiga nema. Ko a Kalundborg, da tashar Asnæs ta bar kwal ta koma ƙona guntayen itace wajen 2020, jifsam ɗin da take samarwa ya yanke.

Tsibirin Morishus da ke tekun Indiya ya nuna yadda ake zama da wannan haɗari, da kuma iyakar dabarar. Tun shekarun 1990 gwamnati ta ƙarfafa wa kamfanonin sukari gwiwa su gina tashoshin wuta kusa da injinan matsar rake, su ƙona tuƙar rake, su ba injin tururi da wuta, su sayar wa hukumar lantarki ta ƙasa abin da ya yi saura. Amma ana yankan rake ne daga wajen Yuni zuwa Disamba kawai, hukumar lantarki kuwa tana son wuta kullum. Sai aka gina tukwanen yadda za su iya cin abu biyu: tuƙar rake a lokacin yanka, kwal da ake shigo da shi daga waje a sauran watanni. Tashar Belle Vue mai megawat 70, wadda ta fara aiki a 2000, haka aka gina ta. Wannan ƙofa ta biyu ita ce ta ba bankuna ƙwarin gwiwar ba da bashi, ta kuma ba hukumar lantarki damar sa hannu a yarjejeniya mai tsawon shekaru. An kai lokacin da tuƙar rake ke samar da wajen kashi 15 cikin ɗari na wutar ƙasar.

Duk da haka haɗarin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Tarayyar Turai ta rage farashin da take sayen sukari da kashi 36 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2009, ƙananan manoma da dama suka bar noman rake, tuƙa ta ragu, kason kwal ya ƙaru. Manoman sun daɗe suna ƙorafin cewa abin da ake ba su a kan tuƙar rakensu bai taka kara ya karya ba, sai a 2021 gwamnati ta ƙara kuɗin sosai. A 2022 kuma, da farashin kwal ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kamfanin Terragen mai tashar Belle Vue ya dakatar da aiki na wani lokaci, yana cewa farashin wutar da ke cikin yarjejeniya ba ya biyan kuɗin kwal. Abin da aka tanada don maganin ƙarancin rake shi ne ya jawo tsaiko. Darasin da masu zuba jari suka ɗauka shi ne, a duba lafiyar kasuwar abokin hulɗa kamar yadda ake duba ta gida, har zuwa kan manomin da ke can farkon layi.

Sai maganar farashi. Shara kyauta ce muddin ba wanda yake so. Ranar da mai ita ya ga mota tana zuwa ɗauka kowane mako, ranar ya fara tunanin kuɗi. Masanin tattalin arziki Oliver Williamson, wanda ya samu kyautar Nobel a 2009, ya yi bayanin wannan tarko: duk wanda ya zuba jari a kan abin da ba shi da amfani sai da abokin ciniki guda, ya miƙa wa abokin nan wuyansa. Wanda ya ja bututun tururi zuwa masana'antar maƙwabcinsa ba zai iya naɗe bututun ya kai wani gari ba. Wanda ya sayi injin da buntu kawai yake ci ba shi da bakin magana idan aka ninka masa kuɗi. A Indiya, dokar 1999 ta tilasta wa masu yin bulo da ke cikin kilomita 50 daga tashar kwal su riƙa haɗa tokar kwal a bulonsu, ta kuma ce tashoshin su ba da tokar kyauta na tsawon shekara goma. Da kamfanonin siminti suka gane darajarta, gyaran dokar na 2009 ya ba da damar sayarwa, ƙananan masu bulo suka sami kansu suna gogayya da manyan kamfanoni a kan abin da dā ake roƙonsu su kwashe. Ɓawon ƙwarar manja a Indonesiya da Malesiya ma haka ya yi, domin tashoshin wuta na Japan sun fara sayensa da yawa.

Mai sayarwa shi ma yana da nasa tsoron. A Yulin 2017 ƙasar Sin ta sanar cewa daga farkon 2018 ba za ta ƙara karɓar nau'o'in shara 24 daga waje ba, ciki har da tarkacen roba da takardun da ba a tantance ba. Farashin waɗannan kaya ya faɗi a duniya, masu tara su da suka saba da mai saye guda suka wayi gari da kaya jibge babu kasuwa.

Haɗarin inganci ya fi na farashi muni, domin ba a ganinsa da ido. Kayan da aka sarrafa don sayarwa ana kula da daidaitonsu. Shara kuwa yau ta zo a bushe, gobe da laima, jibi da yashi ko ƙarfe a ciki. Ga tukunyar tururi wannan ɓarnar inji ce da asarar kwanakin aiki. Ga abincin dabbobi kuwa magana ce ta rai. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da dusar gyaɗa daga Barazil, binciken wannan annoba ne ya kai ga gano gubar afalatoksin da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara. A 1998 an gano gubar dayoksin a madarar shanu a Jamus, aka bi sawu har zuwa ɓawon lemo da aka shigo da shi daga Barazil don abincin shanu. Ɓawon lemon saura ne daga kamfanonin matsar lemo, farar ƙasar da aka gauraya shi da ita kuma saura ce daga wata masana'antar sinadarai, ita ce ke ɗauke da gubar. Musaya biyu ne da kowacce take da ma'ana a kan kanta, haɗuwarsu ta jawo asarar kasuwa ga manoman da ba su san komai ba. A Bangaladesh an daɗe ana dafa yankakkun fatun da aka jeme da sinadarin kuromiyam ana sayar wa masu haɗa abincin kaji da kifi, har sai da Babbar Kotun ƙasar ta hana. A inda ɗakunan gwaje-gwaje suka yi ƙaranci, ko sakamako yake ɗaukar makonni, kamfani mai kishin sunansa yakan gwammace ya sayi sabon kaya mai tsada wanda ya san asalinsa.

Doka tana da fuska biyu a wannan lissafi. A ƙasashe da dama, da zarar an kira abu shara, ɗaukarsa da sayar da shi suna buƙatar lasisi, kuma babu fayyatacciyar hanyar da zai bar sunan shara ya zama haja. Tsananin yana da dalili. A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 ta wannan shekarar, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, waɗanda suka shafi kai shara mai guba daga ƙasa zuwa ƙasa, sun biyo bayan irin waɗannan abubuwa. Kamfanin da ya miƙa shararsa ga wani bai rabu da alhakinta ba. A Agustan 2006 jirgin ruwa Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya miƙa sharar sinadarai ga wani ƙaramin kamfani a Abijan bayan an ƙi biyan tsadar sarrafa ta a Amsterdam. Ƙaramin kamfanin ya zubar da ita a wurare daban-daban cikin birnin. Hukumomi sun ce mutum 15 aƙalla sun mutu, fiye da 100,000 sun nemi magani, Trafigura kuma ya biya gwamnatin ƙasar kusan dala miliyan 200 a 2007 ba tare da amsa laifi ba. Tun daga nan manyan kamfanoni suka ƙara matsa wa kansu su san inda shararsu take ƙarewa.

Ɗaya fuskar ita ce tsoron bayyana sirri. Kafin a yi musaya dole kamfani ya faɗi abin da yake fitarwa, nawa ne, me ke cikinsa. Daga yawan shara abokin gasa zai iya ƙiyasta yawan abin da ake sarrafawa, jami'in haraji ma haka, jami'in muhalli kuma zai ga abin da aka daɗe ana ɓoyewa. Inda ake aiwatar da doka da son rai, yau a kau da kai gobe a zo da tara, shiru yakan fi wa ɗan kasuwa kwanciyar hankali.

Haɗa kuɗi a gina abu guda yana da nasa nau'in haɗari: laifin ɗaya yana shafar kowa. Ƙananan majemu da marinai ba sa iya gina wurin tace ruwa kowa nasa, don haka akan gina babba guda a haɗa su da bututu. A Tiruppur, cibiyar ɗinkin rigunan saƙa a jihar Tamil Nadu ta Indiya, manoman da ke gaɓar kogin Noyyal sun kai ƙara saboda gishiri da rini sun kashe musu gonaki. A Janairun 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe wuraren rini da wanki fiye da 700 gaba ɗaya, wanda ya yi ƙoƙari da wanda bai yi ba, dubban ma'aikata suka rasa aiki. A Bangaladesh an tilasta wa majemun Hazaribagh komawa Savar a 2017 bisa alƙawarin wurin tace ruwa na bai-ɗaya. Wurin an gina shi ne don kubik mita 25,000 na ruwa a rana, amma a watannin da ke bin Babbar Sallah, lokacin da fatun layya ke cika majemu, ruwan da ke zuwa yana wuce haka nesa. Sakamakon haka majemun da ke Savar sun kasa samun shaidar ƙungiyar Leather Working Group da manyan masu saye na Turai ke nema, suna sayar da fata da araha ga wanda ya samu. Majemin da ya tsabtace aikinsa a cikin gida bai tsira ba, tunda ruwansa yana bi ta bututun kowa. Masu majemu a Challawa da Sharada da Bompai a Kano sun san irin wannan tambaya: idan aka gina, wa zai biya kuɗin wuta da sinadarai kowane wata, kuma me za a yi da wanda ya ƙi biya? A Habasha kuwa, unguwar masana'antu ta Hawassa da aka buɗe a 2016 tana da wurin da ke tace ruwa a sake amfani da shi, amma da Amurka ta cire ƙasar daga shirin AGOA, mai ba da damar shigar da kaya kasuwarta ba haraji, a farkon 2022 kamfanoni suka rage aiki, wasu suka tafi. Kuɗin tafiyar da irin wannan wuri ba ya raguwa daidai da raguwar masu biya.

Ba duk awon nan ake yi da alƙalami ba. Binciken Daniel Kahneman da Amos Tversky tun daga 1979 ya nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, kusan ninki biyu. Manajan da ya rage wa kamfani kuɗin mai da kaɗan zai samu yabo na kwana ɗaya. Wanda ya sa inji ya tsaya mako guda saboda buntu bai zo ba zai iya rasa aikinsa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ji masu iya magana, kuma ga wanda ke zaune a wannan kujera ba rashin hankali ba ne. Ƙari a kan haka, shara ba ita ce sana'ar kamfani ba, yawanci ƙaramin ma'aikaci ake bar wa ita, wanda ba shi da ikon ƙulla yarjejeniya.

Inda shari'ar kasuwanci ke ɗaukar shekaru a kotu, takardar yarjejeniya ba ta da ƙarfin da take da shi a Denmark, sai amana ta maye gurbinta. Shi ya sa musaya ta fi yawa tsakanin 'yan uwa, ko 'yan ƙungiya ɗaya, ko kamfanonin da mai su ɗaya ne. Rukunin Guitang na lardin Guangxi a Sin ya bi wannan hanya ta ƙarshe: maimakon ya nemi abokan hulɗa, sai ya gina nasa kamfanin takarda don tuƙar rake, nasa na barasar masana'antu don baƙin ruwan zaƙi, nasa na taki da na siminti don abin da ya rage. Ya kuɓuta daga tsoron abokin ciniki, amma duk gidan ya dogara ga rake guda. Ƙananan kamfanoni kuwa dillali suke dogara da shi. Yana karɓar la'ada, wani lokaci mai tsoka, amma yana tara kaya daga wurare da yawa, yana tantancewa, yana ba da bashi, kuma idan wani inji ya tsaya ya san inda zai samo. La'adarsa kuɗin inshora ce a inda babu kamfanin inshorar da zai karɓi irin wannan haɗari. A lardin Western Cape na Afirka ta Kudu an mai da wannan aiki na hukuma: tun 2013 ƙungiyar GreenCape take tafiyar da shirin WISP, inda ma'aikata ke ziyartar kamfanoni kyauta, su rubuta abin da kowa ke da shi da abin da yake nema, su riƙe sirri, su haɗa waɗanda suka dace. An ɗauko salon ne daga wani shiri na Birtaniya da ya game ƙasar a 2005. Amfaninsa babba shi ne kamfani yana faɗa wa mai shiga tsakani abin da ba zai faɗa wa abokin gasa ko jami'in gwamnati ba.

Kamfanonin da suka daɗe a wannan harka sukan fara da kaɗan, mota ɗaya ko biyu don gwaji, kafin su taɓa injinsu. Sukan rubuta iyakar laima da datti da za su karɓa, su auna kowace mota a ƙofa. Sukan ɗaure farashin saura da farashin abin da ya maye gurbinsa, yadda idan kwal ko gas ya tashi kowa zai samu rabonsa ba tare da sabon ciniki ba. Ba sa yarda kaso mai yawa na aikinsu ya rataya a kan mai kawowa guda. Kamfanonin siminti sun fi kowa sauƙin shiga, domin murhunsu yana kai zafin digiri 1,450 kuma yana cin abubuwa iri-iri. Kamfanin Hima a Yuganda, misali, yana ƙona ɓawon kofi da buntun shinkafa a madadin wani kaso na mai.

Akwai haɗarin da ba ya shiga littafin kamfani ko kaɗan, kuma shi ne ya fi cancantar kulawa, domin masu ɗaukarsa ba su zauna a teburin ciniki ba. A ƙasashe masu tasowa hannun farko da ke taɓa shara na 'yan jari-bola ne da ƙananan masu narka ƙarfe. Idan farashi ya faɗi su ne ke kwana da kaya. Idan gwamnati ta sauya shawara su ne ke rasa abinci, kamar yadda ya faru a Alƙahira a 2009, lokacin da aka yanka aladu wajen 300,000 saboda tsoron murar aladu, masu kwasar shara da ke ciyar da su da ragowar abinci suka rasa wani babban ɓangare na sana'arsu, ruɓaɓɓiyar shara ta taru a tituna. Idan kayan na da guba, jikinsu da na 'ya'yansu ne ke ɗauka. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma, a unguwar da aka daɗe ana fasa tsofaffin batura, mata kuma suna tankaɗe ƙasa a cikin gidaje don tsintar dalmar da za su sayar. Dalmar nan tana ƙarewa ne a sababbin batura na kamfanonin da lissafinsu ya nuna riba.

Irin wannan haɗari yana shiga lissafin kamfani ne kawai idan wani ya tilasta: mai saye da ke neman shaida, banki da ke sa sharaɗi, ko kotu. A unguwar Owino Uhuru ta Mombasa a ƙasar Kenya, wata masana'antar narka batura ta yi aiki daga 2007 zuwa 2014 a tsakiyar gidajen mutane. Phyllis Omido, wadda ta taɓa aiki a wurin kuma ɗanta ya kamu da gubar, ta jagoranci mazauna unguwar zuwa kotu. A 2020 kotun muhalli ta yanke a biya su diyyar shilin biliyan 1.3, ta ɗora kaso mafi girma a kan hukumomin gwamnati da suka ba da izini suka kuma kau da kai, sauran a kan kamfanonin. An ɗaukaka ƙara, sai a Disambar 2024 Kotun Ƙolin Kenya ta tabbatar da diyyar, shekara goma bayan rufe masana'antar.